Tambaya da amsa: Mutanen shekarar 2250 za su san aure da kunya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a Birnin Kebbi. Muna da zaure a WhatsApp inda muke wasan labari, kowa ya ɗauki mutum ɗaya yana magana da bakinsa, ni kuma nake jan ragama. Labarin namu a shekarar 2250 yake, cikin jirgin da ya tashi daga Argungu zuwa duniyar Mars. Tauraruwata matar aure ce, ita ke shugabantar jirgin. Wasu sun ce ba ta isa ta ba maza umarni ba alhali mijinta na ciki. Samari biyu kuma sun dage cewa a wancan zamani babu aure babu kunya, wai in rubuta mata abin da ba zan yarda mahaifiyata ta karanta ba. Har baƙauya suka kira ni. Abin ya hana ni barci. Wa ke da gaskiya?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Babu mai gaskiya a cikinsu. Kowane ɓangare kayan yau ya kwasa ya loda wa jirgin gobe.

Na farkon ba za su ci mana lokaci ba. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta naɗa jajis, wato malamai mata, suna shiga ƙauyuka suna karantar da mata, kuma matar aure ce. Yau ma akwai likitoci mata da ke shugabantar sashe a asibitocinmu, maza na aiki ƙarƙashinsu. Zaman mijin a jirgin ma riba ce ga labarinki. Da wane suna take kiransa a gaban ma'aikata, ita da ta tashi a gidan da mace ba ta faɗin sunan miji?

Ba mu kaɗai ke wannan lodi ba. Wasan Dungeons & Dragons, wanda ya fito a Amurka a 1974, shi ne kakan irin wasanku. A dokokinsa na 1978 an ƙayyade wa jaruma mace iyakar ƙarfin da bai kai na namiji ba, a duniyar da ke cike da dodanni da matsafa. Masu wasan sun yarda da dodo mai aman wuta, amma mace mai ƙarfi ta gagari tunaninsu. Sai a bugun 1989 aka cire dokar. Haka ƙagaggun labaran kimiyyar Amurkawa na shekarun 1950 suke: miji ya hau roka, mata tana gida tana girki, domin abin da marubutan ke gani a unguwarsu ke nan.

Samarin nan biyu su ne damuwata, domin kusan kullum sai na ci karo da maganarsu a bakin ɗalibai, kuma na gaji da ita. Wai ci gaba shi ne tsiraici, wai gobe kowa zai yi abin da ya ga dama. Daga ina suka samo wannan goben? Daga finafinan wasu ƙasashe na yau. Sun ɗauko yau ɗin wani suka sa mata suna gobe, sannan suna kiran ki baƙauya.

Ba a san wata al'umma a tarihi da ta rayu ba tare da ƙa'idar wa zai auri wa, da wa ke da alhakin yaro ba. Ƙa'idar takan sauya kama, ba ta gushewa. Dubi jiharku. A ƙasar Zuru, al'adar golmo ta Dakarkari ta sa saurayi ya yi wa surukinsa noma na shekaru kafin a ba shi mata. A Gwandu maganar sadaki ce da waliyyi da lefe. Jiha ɗaya, hanyoyi biyu, kowacce da tsaurinta. To ina ga jirgin da mutane kaɗan za su kulle kansu wata shida zuwa tara, ruwa da iska duk a ƙidaye, kowane jariri sabon baki ne a kan abincin da aka auna? Kishi ɗaya ya isa ya halaka kowa a irin wannan wuri. Hankali ya fi karkata ga cewa ƙa'ida za ta ƙara tsauri.

Kuma lalacin tunaninsu ya sa sun bar labarin gaske a ƙasa. Saƙo daga Mars zuwa duniyarmu yana ɗaukar minti 3 zuwa 22 kafin ya iso. Idan waliyyi na Argungu, ango na Mars, yaya za a yi siga da karɓa, kuma shaidu a ina za su zauna? Mars wata biyu gare ta a sararin samaniya, shekararta kwana 687 ce. Wadda mijinta ya rasu a can, da wane wata za ta ƙirga takaba? Me zai shiga lefe inda ake auna kowane kilo? Waɗannan tambayoyin sun isa su riƙe zaurenku wata da watanni.

Ga inda haɗarin yake, kuma ina so ki saurara da kyau. Akwai masu kiran kansu malaman rubutu a intanet, suna karɓar kuɗin yara suna koya musu cewa labari ba ya sayuwa sai da batsa. Daga bakinsu wannan magana ke yaɗuwa. Sai ka ji an ce wa yarinya: ai ba ke ba ce, tauraruwar ce ke magana. Ƙarya ne. Yatsunta ne suka rubuta, lambarta ce a saman saƙon. Ranar da aka ɓata, hoton hirar zai fita babu bayanin jirgi babu shekarar 2250, ya isa wayar yayanta ko ta dangin wanda zai aure ta. Wasu ma da gangan suke jan ta zuwa can, don su sami abin yi mata barazana. In kuwa akwai 'yar shekara 15 a zauren, maganar ta wuce adabi, ta zama cutar da yaro, kuma ke mai jan ragama za a fara tambaya.

Kada kuma masu jita-jita su sa ki rufe zauren da cewa wasan kansa ɓata ne. 'Yan matanmu sun daɗe suna tashen Ga Mairama ga Daudu da azumi, ɗaya ta sa rigar maza ta zama miji, iyaye na kallo suna ba da sadaka.

Kafin ku ci gaba, ki tsayar da labarin rana guda. Ku rubuta abin da ba ya shiga wasan ko kaɗan, da abin da za a ambata a wuce, kamar a ce sun shiga ɗaki, sai gari ya waye. Ki tabbatar da shekarun kowa. Kowane ɗan wasa na da ikon cewa a tsaya ba tare da an tambaye shi dalili ba. Samarin nan ki ba su dokar a rubuce. Wanda ya ƙi, ki cire shi a ranar, ki ba wani matsayinsa a jirgin.