Tramol a butik: amsa ga wani ɗan kasuwa a Damagaram

Wani ɗan'uwa mai ƙaramin butik a wajejen kasuwar Dole ya turo min tambaya. Ya ce ciniki ya ja baya, sukari da shayi da sabulu ba sa barin komi a aljihu, ga kuma wani mai shigo da kaya ta Magarya ya ce zai aje masa tramol da diyazefam (ƙwayar sa barci) bashi, in ya saida ya biya, kuma dama 'yan kabu-kabu kullum sai sun tambaye shi ko akwai. Wai ya karɓa na wata biyu ko uku ya tada jari sannan ya bari?

Ƙanena kar ka karɓa, ko kwali ɗaya.

Na san ribar gaskiya ce, ba zan ce maka babu ba. Amma ka tambayi kanka me ya sa mutumin da bai taɓa ba ka buhun shinkafa bashi ba yau zai ba ka wannan kaya ba ko dala? Hatsarin yake so ya sauke a kanka. Shi ya aje ya tafi, kai ne mai ƙofa a buɗe, kai kowa ya sani a unguwa. Tun 1999 Nijar take da dokar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, kuma OCRTIS, wato hukumar yaƙi da fataucin miyagun ƙwayoyi, suna da reshe a nan Zinder, in suka shigo butik ba za su tsaya tantance wanne ne sukari wanne ne ƙwaya ba, a rufe wurin a tafi da kai komisariya daga nan sai gidan kaso, kayan sun tafi, bashin mutumin nan yana nan a wuyanka, kuma 'yan kuɗin da ka tara a shekaru su ƙare wajen lauya da kai maka abinci.

Sannan ka duba waɗanda za su zama masu sayenka. Wanda tramol ta kama yau zai biya, gobe ya biya rabi, jibi ya zo da asuba jiki na rawa gumi na zuba ba ko sisi, kuma ba zai tafi ba sai ka ba shi. Wa za ka kai wa ƙara? Mai unguwa ko alƙali? Bashin sukari kana iya bin sa a gaban mutane, wannan kuwa sai dai ka haɗiye. Matan da ke aiko yara sayen magi da gishiri kuma da zarar sun ga irin samarin da ke taruwa a ƙofarka za su koma butik na gaba, shiru ba wanda zai faɗa maka dalili.

Wallahi abin da ya fi damuna ma ba lissafin ba ne. Tramol da likita ke rubutawa a ordonans yawanci miligiram 50 ce, kuma ba a wuce 400 a yini ko ga mai ciwo mai tsanani. Wadda ake yawo da ita a leda 120 ce ko 225 ko 250, yawanci daga Indiya ake yo ta, ta sauka tashoshin ruwa irin su Kwatano da Lome sannan ta hau mota. Ƙwaya biyu ta 225 sun riga sun wuce iyaka. Yaro ya watsa su a shayi da safe ya hau babur, jijjiga irin ta farfaɗiya ta kama shi a tsakiyar titi da mace da goyo a bayansa. In ya haɗa da diyazefam numfashi ma yana iya tsayawa cikin barci. Yaron nan ɗan maƙwabcinka ne, da ubansa kuke sahu ɗaya a masallaci.

Batun wata biyu sannan ka bari kuwa, mai kawo kayan ya san sirrinka, masu saye sun san ƙofarka, ba kai kaɗai ke da ikon cewa an gama ba.

To me za ka yi da cinikin da ya mutu? 'Yan kabu-kabun nan da ke zuwa wurinka kasuwa ce babba, ka saida musu abin da babur ke ci kullum, baƙin mai, tiyub, fulogi, kiredin waya, cajin waya, ruwan sanyi lokacin zafi. Ka zauna da littafinka ka fidda kayan da suka yi wata biyu ba su motsa ba, ka karya musu farashi su fita, kuɗin ka zuba a abin da ke juyawa cikin sati. In kuma harkar magani ce take ba ka sha'awa da gaske, tana da ƙofarta, ka je ofishin kiwon lafiya na jiha ka tambayi sharuɗɗan buɗe depo na magani da irin takardun da ake nema, ko ka haɗa jari da wanda ya karanci aikin yana da izini.

Shi kuma mutumin Magarya ka faɗa masa a'a sau ɗaya a fili, kar ka ce bari ka yi shawara, kuma kar ka yarda ya bar maka ko leda ajiya da sunan zai dawo ya ɗauka da yamma.