Wace tankar roba zan fara saya?

Tambaya: Ina sha'awar fara haɗa ƙananan tankokin yaƙi na roba, irin na Tarayyar Sobiyet. Kuɗina na kwali ɗaya ne. Na ga T-34 ta kamfanin Tamiya, na kuma ga T-55 ta kamfanin MiniArt wadda har injinta da kujerun cikinta ake haɗawa. Ta biyun ce ta fi burge ni. In saya? Daga wani mai karatu a Kaduna.

Amsa: Malam, ka danne zuciyarka, ka ɗauki ta Tamiya. Ba wai ta MiniArt ba ta da kyau ba ne, kyawun nata ne ma zai wahalar da kai. Wannan kamfani na Yukiren yana son fito da komai dalla-dalla, shi ya sa kwalayensa na T-55 masu kayan ciki sukan haura guntaye 1,000, wasu ba su kai ƙwayar shinkafa ba. Sarƙar da tankar ke tafiya a kai ɗaya bayan ɗaya ake ƙulla ta, hagu da dama. Wanda hannunsa bai saba ba, a nan yake gajiya, kwalin ya koma saman durowa. Abin haushin kuma, bayan ka rufe tankar, yawancin wahalar da ka sha a ciki ba mai ganinta.

T-34/76 ta Tamiya tsohon zubi ce, tun shekarun 1970, kuma masu bin ƙwaƙƙwafi suna kushe ta cewa ba ta yi daidai da ta gaske ba a wasu wurare. Gaskiyarsu. Amma guntayenta kaɗan ne, suna shiga juna ba gardama, sarƙarta kuma zubi ɗaya ce ta roba mai lanƙwasuwa. Za ka gama ta, kuma abin da ake nema a kwalin farko ke nan. Ita kanta tankar ta gaske, wadda aka fara ƙerawa a birnin Kharkiv na Yukiren a 1940, ba mai kwalliya ba ce. A gaggauce masana'antu suka riƙa fitar da ita lokacin yaƙi da Jamus, waldarta kaca-kaca, don haka ɗan kuskurenka ba zai yi ihu ba.

In kuwa T-55 ɗin ce lallai ta shiga ranka, Tamiya ma tana da T-55A mai sauƙin haɗi. Ka lura da tayoyinta: biyar ne a kowane gefe, da tazara tsakanin ta farko da ta biyu. Da wannan ake bambanta ta da T-62.

Tambaya: Ɗana mai shekara 12 ya dame ni da maganar. Na ga ana rubuta 1/35 da 1/72, wanne ya dace da shi?

Amsa: Hajiya, lambar tana nuna sau nawa aka rage girman tankar. T-34 a ma'aunin 1/35 takan kai kusan santimita 17, a 1/72 kuwa kusan 8. Zvezda, kamfanin Rasha, yana da na 1/72 da ake ɗosa guntayensu ba tare da gam ba, kuma sun fi araha. Ki fara masa da wannan. Reza dai ta zauna a hannun babba.

Tambaya: Gam da fentin da ake talla sun yi tsada. Ba zan iya amfani da sufa gulu da fentin feshi na mota ba? T-72 nake so in yi, irin ta sojojin Najeriya.

Amsa: Ɗan'uwa, a nan ne ba na son a yi rowa. Gam ɗin wannan aiki, irin Tamiya Extra Thin, narkar da fuskar robar yake yi, guntaye biyu su zama ɗaya, kuma yana ba ka ɗan lokaci ka gyara zamansu. Sufa gulu kamawa yake nan take, ya bar farin dabbare, in abu ya karkace shi ke nan. Ajiye shi don siraran guntayen tagulla da wasu kwalaye ke zuwa da su. Fentin mota kuma yana da sinadari mai ƙarfi da kan ci roba, ga kauri da ke binne ƙananan zane. Nemi fentin akirilik da buroshi mai laushi, ka tsinka shi, ka shafa siriri sau biyu ko uku. Sauran kayan aikin suna gida: abin yanke farce, hantsaki, sanfefa mai laushi, tsinken sakace.

Ka tambayi mai sayarwa tun kafin ka biya ko zai iya turo gam da fenti ta jirgin sama, domin kayan da ke kama wuta ba kowane kamfani ke ɗauka ba.

Batun launi: koren da ake kira 4BO na tankokin Sobiyet ne na zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, kada ka shafa wa taka don kawai tankar Rasha ce. Tara hotunan T-72 da sojojinmu suka yi aiki da su a arewa maso gabas, ka zaɓi guda ɗaya ka bi ta, launi da ƙura duka. T-72 iri-iri ce, don haka ka gwada kan tankar da ke hoton, wato ɓangaren sama mai ɗauke da bindiga, da wanda ke jikin kwali kafin ka saya. In kuma lokacin hunturu za ka yi fentin, kifa mata roba mai tsabta har ta bushe, in ba haka ba ƙura ta manne a jiki. Kada ka shanya ta a rana, lanƙwashewa za ta yi.