Bibiyar Nauyin Burodi da Manhajar Excel

Malam, ka tambaya ko Excel za ta isa wajen gano abin da ke sa nauyin burodin gidanku hawa da sauka. Za ta isa, matuƙar ana auna burodin kullum, ana kuma rubuta sakamakon bisa jerin lokacin gashi.

Abin da kake buƙata shi ne jadawalin sa ido, wato zane mai iyakar sama da ta ƙasa da ke nuna lokacin da awo ya kauce wa yadda aka saba, wanda masanin ƙididdiga Walter Shewhart ya ƙirƙiro a Amurka a 1924. Ka jera nauyin a layi ɗaya, ka fitar da matsakaicinsa da umarnin AVERAGE na Excel, sannan a gefensa ka lissafa tazarar da ke tsakanin kowane awo da wanda ya gabace shi. Ka ninka matsakaicin tazarar sau 2.66, idan ka ƙara sakamakon a kan matsakaicin nauyi ka sami iyakar sama, idan ka ɗebe shi ka sami ta ƙasa. A ganina kada ka yi amfani da STDEV, umarnin Excel da ke auna yadda alƙaluma suka warwatsu daga matsakaicinsu, wajen fitar da iyakokin nan, domin yakan faɗaɗa iyakokin har matsalar ta ɓuya a cikinsu.

Bayan ka zana jadawalin layi, duk ɗigon da ya tsallake iyaka sai a binciki fulawar ranar, da sikeli, da wanda ya yanka ƙullun.