Filin Masu Mota: Wace Inshora Ce Ta Dace da Titin Legas?

Wasiƙun wannan wata kusan duk bakinsu ɗaya: inshora. Tun da 'yan sanda suka tsananta binciken takardarta a faɗin ƙasa daga 1 ga Fabrairun 2025, kowa ya tuna da ita. Na taƙaita waɗanda na zaɓa. Masu tambaya a kan giyar mota su yi mini haƙuri sai fitowa ta gaba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Sana'ata shanu ce a mayankar Oko-Oba. Wata danfo, bas ɗin haya, ta goge mini Corolla a Oshodi, ta fasa fitila, ta lotsa ƙofa biyu. Ina da inshorar N15,000, ban taɓa fashin sabunta ta ba. Da na je kamfanin sai suka ce ba ruwansu. Wannan ba damfara ba ce? Daga wani Alhaji a Agege.

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya kiyaye gaba. Ba su damfare ka ba. Wanda ya yankar maka takardar ne bai yi maka bayani ba, kuma akasarinsu ba sa yi. Wannan ita ce ƙaramar inshora, wadda doka ta wajabta wa duk mai abin hawa (an yi dokar tun 1945), kuma ba motarka take karewa ba. Aikinta shi ne ta biya mutumin da kai ka yi wa ɓarna. Da kai ne ka lotsa danfon, da kamfaninka zai gyara ta. Tunda ita ta lotsa ka, haƙƙinka yana wuyan kamfanin da ya yi wa danfon inshora.

Daga 1 ga Janairun 2023 hukumar NAICOM mai kula da harkar inshora ta ɗaga kuɗin daga N5,000 zuwa N15,000 ga motar gida, ta kuma ɗaga abin da za a iya biya na ɓarnar dukiya daga naira miliyan 1 zuwa miliyan 3. Idan rai aka rasa ko aka ji wa mutum ciwo, wannan iyakar ba ta shafe shi ba, lissafinsa daban ne.

Da na so a ce a wurin ka ɗauki hoton lambar danfon, da yadda motocin biyu suka tsaya kafin a janye su, ka karɓi lambar wayar mutum ɗaya da ya ga abin, sannan ka nemi rahoton 'yan sanda. Da waɗannan ake rubuta wa kamfanin inshorar danfon takardar neman diyya, haɗe da ƙiyasin mai gyaran jikin mota. Na san yadda Oshodi take. Direba ya zube ƙasa yana roƙo, kwandasta ya kama maka ƙafa, 'yan tasha sun kewaye ku, na baya suna ta oda, kai kuma kana jin nauyin a ce dattijo yana tankiya a bakin titi, sai ka ce "na bar ka da Allah". Yafiya abu ne mai kyau. Amma hoton lamba ba ya hana yafiya, kuma wanda kake nema ya biya kamfani ne, ba direban ba. Idan lambar tana hannunka, ka duba ta yadda zan bayyana a ƙasa. In inshorar danfon ta gaske ce, ka bi ta.

Abin da ya fi ƙona mini rai a harkar nan shi ne ɗaya gefen. Mutanenmu suna biyan N15,000 ɗin nan kowace shekara don kawai ɗan sanda ya duba ya miƙo musu, amma ranar da suka daki bayan motar wani sai su kira gida a harhaɗo kuɗi. To me ka biya wa? Idan laifinka ne, kada ka rattaba hannu a kan wata yarjejeniya a bakin titi, kada ka yi alkawarin adadi. Ka kira kamfaninka a ranar, ka ba mai ɗaya motar lambar takardarka. Sai dai ka sani, miliyan 3 ba ita ce miliyan 3 ta da ba. Wanda yake yawan shiga Ikoyi da Lekki cikin manyan jif-jif ya tambayi kamfaninsa nawa zai ƙara a ɗaga masa iyakar, wasu kamfanonin suna yi.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Mun sayi Highlander tokumbo naira miliyan 18. Muna zaune a Ajah, ni nake kai yara makaranta. Ina son mu yi mata cikakkiyar inshora, maigidan ya ce asarar kuɗi ce, ba sa biya. Wa ke da gaskiya? Daga wata Hajiya.

AMSA: Hajiya, ba na shiga tsakanin mata da miji, amma a wannan ina bayanki. Ga lissafin: ƙa'idar NAICOM ita ce kuɗin cikakkiyar inshora kada ya gaza kashi 5 cikin 100 na darajar mota. A kan miliyan 18, N900,000 ke nan a shekara. Kuɗi ne, ba wasa ba. Tambayar da za ki yi wa maigidan a cikin ladabi ita ce: in an wayi gari babu motar nan, sata ko wuta ko ruwa, za mu iya fitar da wata miliyan 18 ba tare da an taɓa jari ba? Idan zai iya, yana da hujja. Idan sai an sayar da fili, to a yi inshorar.

Ba kowa nake ba wannan shawarar ba. Mai tsohuwar mota wadda kayan gyaranta ke zube a kasuwar Ladipo, ya yanki ƙarama, ya riƙa ware kuɗin gyara a gefe. Akwai kuma ta tsakiya, wadda ta haɗa ƙaramar da kariya daga gobara da sata, ta dace da mai kwanar da mota a bakin layi.

Maganarsa ta cewa ba sa biya ba daga sama ta faɗo ba. Akwai kamfanoni masu jan ƙafa. Amma mafi yawan rigingimun da aka kawo mini, a cikin takardar suke kwance tun ranar farko, ba a dai karanta ba. Ki sa a nuna miki kalmar ambaliya a rubuce, domin wasu kamfanonin ba sa haɗa ta sai an ƙara kuɗi, kuma mazaunin Ajah da inshorarsa ba ta ƙunshi ruwa ba ya bar babbar ƙofa a buɗe. Haka tarzoma da zanga-zanga. Duk wanda yake Legas a Oktoban 2020 ya ga manyan bas-bas na BRT da aka ƙona a Oyingbo, da na mutane da aka farfasa a unguwanni. Ki tambayi kuma nawa ne kason da ku za ku ɗauka daga aljihu a kowane gyara, domin akwai shi, kuma shi ya sa ƙaramin karce ba ya kai a je kamfani. Wasu suna shardanta a sa wa mota na'urar bin sawu kafin su biya idan an sace ta.

Sai darajar motar. Kada wani dillali ya rarrashe ku ku rubuta miliyan 9 don kuɗin ya sauka zuwa rabi. Idan aka sace ta, miliyan 9 ce iyakarku. Idan gyara ne, kamfanoni da yawa za su ce rabin darajarta kuka yi wa inshora, don haka rabin gyaran za su biya. Kuma tun da naira ta faɗi a 2023 farashin motoci bai zauna wuri ɗaya ba, saboda haka duk shekara a sake duba adadin. Kuɗin ma a biya shi a kan lokaci, a karɓi rasit, domin doka ta ce in ba a biya ba, babu kariya.

Tunda ke ce mai tuƙin, ga abu ɗaya game da ruwa. Idan mota ta mutu a cikin ruwa, kada ki sake murza makulli. Na tsaya a kan wata irin taki a wani gareji a Mushin. Bakanike ya zaro sandar duba baƙin mai, ga shi ya koma kalar shayi mai madara. Ya buɗe gidan matatar iska, takardar ta jiƙe sharkaf, tana ɗiga. Da suka kwance falogi suka juya injin, ruwa ne ya yi tsartuwa daga rami biyu. Da aka sauke injin, sandar fistin guda ta lanƙwashe. Ruwa ba ya matsuwa yadda iska ke yi, shi ya sa ƙarfe ke ba da kai. Mai motar ya ce sau ɗaya tak ya gwada tayarwa. Da janwe ya kira, da wataƙila canjin mai da busar da wayoyi ne kawai. Kuma kamfani na iya kafa hujja da cewa kai ka ƙara ɓarnar da hannunka.

TAMBAYA: Malam, ni zuciyata ba ta kwanta da inshora ba. Na ji malamai suna cewa akwai riba da caca a ciki. Ya zan yi da dokar gwamnati? Daga wani mai shago a Idi-Araba.

AMSA: Ni ba malamin fatawa ba ne, ɗan'uwa, wannan sai ka zauna da limaminku. Abin da zan iya faɗa maka na tarihi ne da na kasuwa. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1985, ta ce inshorar kasuwanci ba ta halatta ba saboda gararin da ke cikinta, wato rashin tabbas, ta halatta ta taimakekeniya. Ita ce takaful, wadda aka fara kafa kamfaninta a Sudan a 1979. Mahalarta suna zuba kuɗi a asusu ɗaya da niyyar gudummawa, wanda tsautsayi ya faɗa wa a ɗiba a ba shi, kamfani ya ɗauki ladan kula da asusun, ba a juya kuɗin a harkar kuɗin ruwa, kuma idan an samu rara ana iya raba wa waɗanda ba su karɓi diyya ba. NAICOM ta fitar da ƙa'idojinta a 2013, kuma akwai masu lasisi irin su Noor Takaful da Jaiz Takaful. Takardarsu ta mota tana aiki a gaban ɗan sanda kamar kowace. Amma sharuɗɗan da na lissafa wa Hajiya suna nan a takaful ma, sunan Larabci ba ya ɗauke maka karatun takarda.

TAMBAYA: Wani yaro a bakin ofishin lasisi yana haɗa mini duk takarduna, inshora N5,000 kawai yake karɓa. Na yi dace ko? Daga wani direba a Mile 12.

AMSA: Ba ka yi dace ba. Abin da hukuma ta yanke N15,000 babu mai sayar maka da shi N5,000 ya kuma ci riba, sai dai in kwamfutarsa ce kamfanin. Ka danna *565*11# a wayarka, ko ka shiga shafin NIID na ƙungiyar kamfanonin inshora, ka sa lambar motarka. In ta gaske ce za ka ga sunan kamfani da ranar ƙarewa. In ba ta fito ba, takardar banza ce a aljihunka, kuma a Legas ba sai an tare ka ba, kyamarorin kan titi suna karanta lamba, tara ta biyo ka ta waya. Sauran abokan aikinka su san nasu farashin: babur N3,000, keke N5,000, motar ɗaukar kayan kanka N20,000, babbar motar dako N100,000.

TAMBAYA: Baba, ina aikin tasi a manhajar Bolt da Camry ɗin yayana, tana da cikakkiyar inshora da sunansa. Ina cikin kariya? Daga wani matashi a Obalende.

AMSA: Ɗana, da wuya. Inshorar motar gida ta harkar gida ce da zuwa aiki, kusan dukkansu sun cire ɗaukar fasinja don kuɗi. Ranar da wani abu ya faru, jami'in kamfani zai tambayi wanda ke kujerar baya, shi kuma zai nuna masa wayarsa, magana ta ƙare. Ku je tare da yayanka ku gaya wa kamfanin gaskiya, a mayar da ita ta haya, a rubuta sunanka cikin masu tuƙi. Za a ƙara kuɗi, ka sa shi cikin lissafin abin da kake kai masa duk mako. Idan kuma kamfani ya ƙi biyan haƙƙin da yake a fili, NAICOM tana da sashen karɓar koke, a rubuce ake kai shi da kwafin takardu.

TAMBAYA: Motata tana zafi a cunkoson gadar Third Mainland. Bakanike ya ce zai cire tamostat, abin da ke daidaita zafin inji, ya haɗa fanka kai tsaye, wai na ƙasar sanyi ne. In bari? Daga wata malamar asibiti a Yaba.

AMSA: Kada ki bari, Malama. Ana tuƙa irin motar nan da tamostat ɗinta a Saudiyya, inda zafi ya fi na Legas nesa ba kusa ba. In aka cire shi injin ba ya kai zafin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai, sai shan mai ya ƙaru, a wannan tsadar fetur, kuma ainihin cutar tana nan an rufe ta. Motar da ke lafiya a guje amma take zafi a tsaye, fanka ake fara zargi: ko ta gaji, ko abin da ke kunna ta ya mutu. Daga nan a duba murfin lagireto, a duba ko lagireton ya toshe da tsatsa, wanda ruwan rijiya da na leda ke jawowa, sai famfon ruwa. A wanke, a zuba ruwan sanyaya inji na gaske. Idan allura ta hau kina kan gada, ki kashe na'urar sanyi, ki samu gefe ki tsaya, kuma kada ki taɓa murfin lagireto sai injin ya huce sarai.