Kafa aikin Django a kwamfutarka kafin ka ɗora shi a sabar

Ɗan'uwa, ka ce ka sauko da wani aikin Django (tsarin gina shafukan intanet da yaren Python) daga GitHub, amma da ka kunna shi sai ya ce bai ga wasu manhajoji ba, ya kuma kasa haɗuwa da rumbun bayanai.

Ta farkon mai sauƙi ce. Shiga jakar aikin ka rubuta `python -m venv .venv` don ƙirƙirar keɓantaccen muhalli na Python, ka kunna shi da `source .venv/bin/activate`, in Windows ce kuwa `.venv\Scripts\activate`. Daga nan sai `pip install -r requirements.txt`, wanda zai sauko da manhajojin da aikin ke buƙata.

Rumbun bayanan shi ne inda nake so ka nutsu. Da yawa sukan koma SQLite don ba ta buƙatar saiti, alhali sabar tasu PostgreSQL take amfani da shi (dukansu biyun manhajojin rumbun bayanai ne). Ni ban ba ka wannan shawarar ba. SQLite tana kawar da kai ga wasu kurakurai, misali rubutun da ya wuce tsawon da aka ƙayyade, PostgreSQL kuwa zai ƙi karɓa, sai ranar ɗorawa abin ya fashe maka. Ka tayar da PostgreSQL ta Docker (manhajar da ke gudanar da wasu manhajoji a keɓe), sigar da ke kan sabar daidai, a ƙofa ta 5432. In ya ce ƙofar a kame take, to wataƙila akwai wani PostgreSQL da ke aiki a kwamfutar tun tuni, ka tsayar da shi.

Kalmar sirrin rumbun bayanan ka ajiye ta a fayil ɗin `.env`, ka sa sunansa cikin `.gitignore` don kada a tura shi GitHub tare da sauran fayiloli. Don Allah kar ka manta da wannan.

Sai `python manage.py migrate` don shirya rumbun bayanan, sannan `python manage.py runserver`, ka buɗe 127.0.0.1:8000 a burauza.