Shawarar lauya: an kama ƙanena da buhunan kififiya

Wani mai sana'ar kifi daga Yauri ya turo min tambaya, wai wani dillali ya ba ƙanensa kuɗin mota ya kai masa buhu huɗu na kififiya masu rai Legas, jami'ai suka tare shi a hanya, yanzu yana tsare, dillalin kuma ya kashe waya.

To Malam, da farko Allah ya kawo mafita. Gaskiya ita ce kififiyar nan mai taushin baya da kuke cirowa a kogin Neja ba kamar tarwaɗa take a idon doka ba. Tun taron CITES (yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin dabbobi da tsirran daji masu ƙarewa) na 2016 a Johannesburg aka sa kififiyun Afirka masu taushin baya a rukuni na biyu, ma'ana ba a fita da su ƙasar waje sai da famit daga Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya, kuma muna da dokar kare dabbobi masu ƙarewa ta 1985 wadda aka yi wa gyara a 2016 aka ƙara tara sosai. Hukumar tabbatar da bin dokokin muhalli ta ƙasa (NESREA) da kwastam ke bin wannan. Masunci ya ci karo da guda ɗaya a koma ya kai gida aka yi miya daban, buhu huɗu a hanyar Legas kuwa mai gabatar da ƙara cewa zai yi fita da su za a yi, kuma mai kaya a hannu shi ake fara riƙewa, ba mai odar ba.

Abin yi yanzu, kar ƙanenka ya sa hannu a kowace takarda sai lauya na wurin, dokar gudanar da shari'ar laifuka (ACJA) ta 2015 ta ba shi wannan damar. Sashe na 35 na tsarin mulki ya ce a kai shi kotu cikin kwana ɗaya ko biyu gwargwadon nisan kotu, kuma laifi ne da ake ba da beli. Don Allah kar ka ba kowa "na goro" a saki kaya, sabon laifi ne wannan.

Ka adana saƙonnin WhatsApp da alat ɗin kuɗin da dillalin ya turo, kar a goge komai, su ne za su nuna ɗan aike ne shi, ko ba su wanke shi ba za su taimaka wajen neman sassauci. In babu kuɗin lauya ka je ofishin Legal Aid Council na jihar da ake tsare da shi, kyauta ne.