Fistan birkin baya ya ƙi komawa ciki

Tambaya: Assalamu alaikum. Na zo canza fad ɗin birkin baya (takalmin da ke matse faifan taya) na motata Golf. Na matse fistan da kilam (ƙarfen matsewa) kamar yadda nake yi wa na gaba, amma ko gezau. Kuma tun kafin nan birkin hannu sai na ja shi har ƙarshe kafin ya kama. Kalifar ce, wato gidan da fistan ke zaune a ciki, ta mutu? Daga wani mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, ajiye kilam ɗin nan tukuna, kada ka yi wa kanka asarar kalifa mai lafiya. Fistan gaba fanko ne, man birki kaɗai ke tura shi, shi ya sa yake komawa da matsi. Na baya kuwa da kaya a cikinsa: sanda mai zare, da noti da ke hawa a kanta, da sifirin, da ɗan boris.

Fad yana cinyewa kullum, don haka dole fistan ya riƙa matsowa kusa da faifai. Idan ka taka birki, mai ya tura fistan waje, sai ya ja notin nan ya saki mazauninsa. Zaren sandar a karkace yake sosai, saboda haka notin sai ya juya da kansa ya ɗan yi gaba, daidai gwargwadon abin da fad ya rage. Da ka ja birkin hannu kuwa, kebul zai ja libar da ke bayan kalifa, ita kuma ta tura sandar. A wannan karon notin ya danne a mazauninsa, ba halin juyawa, sai ƙarfin ya wuce kai tsaye zuwa fistan. Wato sandar da notin a haɗe suna ƙara tsawo a hankali, ba sa raguwa da kansu. Shi ya sa komawa da fistan sai an murɗa shi ana dannawa a lokaci guda, kamar murfin kwalba. Akwai ƙarfe na musamman da ke shiga ramukan fuskar fistan. A yawancin motoci dama ake murɗawa, amma akwai masu zaren hagu, don haka idan ya cije kada ka yi masa ƙarfi. Ka kuma sa ido kan tankin man birki, don man zai taso.

Idan bayan sabon fad ɗin yana da ɗan tsini, ka daidaita shi da ramin fistan. Bayan ka ɗaura komai, taka birkin ƙafa sau da yawa har ya yi tauri, sannan ka taɓa birkin hannu.

Batun jan birkin hannu har ƙarshe, a nan ne nake saɓawa da yawancin makanikai. Da ka kai musu, sai su ɗaure notin kebul su ce an gama. Ni ban yarda da wannan ba. Idan kebul ya yi tsauri, libar ba za ta koma ta zauna a matsayarta ba, kuma muddin ba ta koma ba, abin da ke ciki ba zai daidaita kansa yadda ya kamata ba. Sai birki ya riƙa gogar faifai, taya ta yi zafi. Fara duba libar: tana komawa da kanta idan an saki birki? Sau da yawa robar da ke rufe ta ce ta yage, ruwa ya shiga, tsatsa ta kama. Masu mota otomatik da ba sa jan birkin hannu sam su suka fi gamuwa da wannan. Kebul shi ake taɓawa a ƙarshe.

Ga sauran masu karatu: ba kowace mota ce haka ba. Wasu suna da ƙaramin birkin ganga a cikin faifan baya, fistansu matsewa kawai ake yi. Masu birkin hannu na maɓalli kuma, ƙaramin injin lantarki ne ke juya sandar, sai an sa motar a yanayin gyara, galibi da kwamfuta, kafin a taɓa fistan.